Barnabé Kpadonou da wayoyin da ya raba biyu

Ranar Juma'a, sha huɗu ga Maris, da ƙarfe huɗu saura kwata na yamma, wani bidiyon jana'iza mai nauyin giga ɗari biyu ya tashi daga kwamfutar mai tace bidiyo zuwa akwatin ajiyar fayiloli a situdiyon Madam Rosine Ahouandjinou da ke Gbégamey, nan Kwatano, cikin minti goma sha biyu. Mako guda kafin nan, irin wannan fayil yakan ci awa biyar. Ba a sayi sabuwar na'ura ko ɗaya a makon ba. Wayar da ke cikin bango aka canza.

Wanda ya canza ta shi ne ya sa ta tun farko, shekara goma sha tara da suka wuce. Sunansa Barnabé Kpadonou. Shekararsa sittin da ɗaya, talatin da huɗu daga ciki yana jan wayar tarho da ta intanet a silin ɗin mutane. Situdiyon shi ne gini na talatin da takwas cikin arba'in da ɗaya da ya ɗaukar wa kansa alkawarin gyarawa kafin idonsa ya gama rufewa. Likita ya ce masa daga ƙarshen Maris kada ya sake hawa tsani. Saura masa uku.

A Fifadji, unguwarsu, kowa ya san lokacin fitarsa. Ƙarfe shida da rabi yana kan benci a ƙofar gida, kai a ɗage, matarsa, wadda unguwa ke kira Maman Gisèle, tana ɗiga masa magani a ido, hagu sannan dama. Yakan jira minti biyar ido a rufe. Sai ya sha koko da ƙosai biyu, ya rataya jaka. Babur ɗinsa yana jingine a tsakar gida tun bara, tun ranar da ya kusa take wata mai tallar burodi da bai gani ba ta gefen hagunsa. Zem, wato acaɓa, yake hawa yanzu, kuma 'yan zem na bakin layi sun san sai sun bi da shi a hankali saboda kwalin waya da yake ɗorawa a cinya.

Abin da ke cikin jakar bai da yawa: filayar matse kan waya, wuƙar fere roba, na'urar gwaji, tocila, da ɗaya daga cikin littattafan makaranta guda tara da yake zana taswirar aikinsa a ciki. Duk ginin da ya taɓa yi wa aiki yana da shafi. An zana inda kowace waya ta shiga, inda ta karya kwana, da katakon da ta bi. A wasu shafukan akwai ɗan da'ira da jan biro a gefen soket. Wannan da'irar ita ta hana shi hutawa shekara uku.

Wayar intanet ta ofis tana da ƙananan wayoyi takwas a cikinta, an murɗe su bibbiyu. A shekarun da shagunan intanet suka cika Kwatano, gudun da ake da shi mega ɗari ne, kuma huɗu kawai yake buƙata cikin takwas ɗin. Sauran huɗun zaman banza suke yi. Waya kuwa tana wuyar samu, sai an jira jirgin ruwa. Saboda haka masu sana'ar suka koyi dabara: a ja waya ɗaya, a raba ta a ƙarshe, huɗu su tafi wannan soket, huɗu su tafi wancan. Kwamfuta biyu a kan waya ɗaya. Aikin yana yi, ba wanda ya taɓa kuka. Barnabé ya fi kowa iya shi da tsafta, har abokan aiki suka sa masa suna Ɗaya-Biyu. Duk inda ya raba waya, sai ya yi jan da'ira a littafinsa.

Daga baya intanet mai sauri ya iso, fayiloli suka yi nauyi, ƙananan ofisoshi suka fara sayen kayan da ke gudun giga biyu da rabi, wasu har giga goma. Waɗannan sai da duka takwas ɗin suke aiki. Idan suka tarar da huɗu, ba sa ƙara, ba sa nuna jar wuta. Komawa suke yi gudun mega ɗari su yi shiru. Mai ofis ya sayi sabbin kaya, ya kunna, ya ga babu abin da ya canza. Sai ya fara neman wanda zai ɗora wa laifi, kuma ba a cika neman sa a cikin bango ba.

A wani ofishin masu zanen gine-gine da ke Cadjèhoun, Pélagie Sossa aka ɗora wa. Ita ke kula da kwamfutocin wurin, ita ta shawo kan maigidan ya sayi sabbin kayan. Da gudun bai ƙaru ba, ya ce ta haɗa baki da mai sayarwa, ya sallame ta. Bayan wata biyu wani ya ba shi lambar tsohon da ya ja wayar ginin. Barnabé ya zo, ya kwance soket na farko, ya ga wayoyi huɗu a ciki, da ɗan farin tef mai rubutun hannunsa.

Sakatariyar ofishin tana wurin, ita ta ba da labarin yadda suka yi.

"Patron, kayanka lafiyarsu ƙalau," in ji Barnabé. "Ni na raba wayar nan. Ga hannuna."

"To, tunda ka san ciwon, sai ka gyara."

"Zan gyara. Amma matar da ka kora ba ta yi komai ba. Ka kira ta."

"Papa, waya na kira ka ka duba, ba ma'aikata ba."

Ya gyara cikin kwana uku. Ba a kira Pélagie ba. Shi ya bi sawunta har ya same ta a wata rumfar gyaran wayar hannu a Missèbo, tana manna gilashi a fuskar wayoyi.

"Ya tsaya a bakin rumfa da hularsa a hannu," in ji ta. "Na zaci waya ya kawo gyara. Ya yi mini bayani tun daga farko, har da zane a bayan kwali. Na ce masa, Papa, ka zo a makare. Ya ce ya sani."

Ya rubuta mata takarda da hannunsa, shafi ɗaya, yana bayyana abin da ya faru da sunan wanda ya yi kuskuren. Ita ta riƙa haɗawa da takardun neman aiki. Bayan wata bakwai wata makaranta a Akpakpa ta ɗauke ta. An tambaye ta ko ta yafe masa.

"Ba shi ya kore ni ba," ta ce. "Amma ban manta wata taran nan ba."

A makon da ya dawo daga Missèbo ya fito da littattafan tara, ya bi jan da'ira shafi bayan shafi. Ya cire gine-ginen da aka rushe da waɗanda aka mai da gidan haya ko shagon atamfa. Arba'in da ɗaya suka rage da har yanzu ake aikin kwamfuta a ciki. Ya fara bin su ƙofa ƙofa. Sharaɗinsa ɗaya ne a ko'ina: mai gini ya sayi waya, aikin hannu nasa ne.

Ba ko'ina aka ba shi kujera ba. Masu gadi sun sha mai da shi, suna ce masa ba a ɗaukar ma'aikata. Wani mai kantin magani a Jéricho ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya leƙo ta saman gilashinsa.

"Tsaya in fahimta. Kai ka ɓata, kuma kai ka tako da ƙafarka ka zo ka faɗa?"

"Haka ne."

"To me kake nema a wajena?"

"Tsani, in kana da shi. Nawa gajere ne."

Mai kantin ya ce sai da ya sa ƙaninsa ya tsaya a kansa yini biyu, yana jiran ya ga inda damfarar za ta ɓullo. Ba ta ɓullo ba.

Abokan sana'arsa ma ba su ji daɗi ba, don duk wanda ya ja waya a wancan zamani ya raba. A Ganhi, inda ake sayar da kayan aikin, wani tsohon abokinsa ya tare shi a gaban mutane.

"Ɗaya-Biyu, kai kaɗai ne za ka shiga aljanna? Lokacin kowa haka yake yi. Yanzu ka sa kwastomomi suna kwance soket suna kiran sunayenmu."

"Raba wayar ba shi ne laifin ba," in ji Barnabé. "Laifin, ban gaya wa masu gida ba. A littafina na rubuta, na kai gida na ajiye. Da a jikin bango na rubuta, da ba a kori kowa ba."

Abokin ya yi tsaki ya tafi. Har yau ba sa gaisawa sosai.

A gini na goma sha bakwai idon ya fara nuna kansa a aiki. Kan waya yana da tsari da ba ya canzawa, kuma Barnabé yakan jero shi a ƙarƙashin numfashi kamar mai jan carbi: fari da lemo, lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ƙasa-ƙasa, ƙasa-ƙasa. A yini ɗaya ya matse kai shida ba daidai ba, shi da yakan yi shekara bai ɓata ɗaya ba. Asibiti suka ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana ci, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Gefe-gefen gani ya fara tafiya, sannan launuka suka dusashe.

Bai daina ba. Ya zauna a gida kwana goma da guntayen waya, yana murza su tsakanin babban yatsa da manuni. Kowane biyu a cikin wayar da irin murɗinsu, don kada saƙon wannan ya shiga na wancan. Ya gano cewa a kwalin kamfanin da ya saba saye, ƙasa-ƙasa ya fi kowa sakin jiki, lemo na bi masa. Waɗannan yatsa na iya gane su. Fari da mai duhu kuwa idon yana iya bambantawa har yanzu. Kore da shuɗi ne suka gagara, murɗinsu kusan ɗaya ne. Don su yake buƙatar idon wani.

Idon da ya samu na Anicet Dossou-Gbété ne, mai gyaran wutar lantarki, ɗan shekara sittin da huɗu, mai ƙaton ciki da ciwon gwiwa. Shekara talatin suna haɗuwa a wuraren gini suna zagin juna. Masu jan wayar intanet na ganin 'yan lantarki ne ke ɓata musu aiki, saboda sukan cusa kowace irin waya a bututu ɗaya da ta wuta, in ta gaza kuma su ɗaura mata wata da baƙin tef. Barnabé yana kiransa Sarkin Tef. Shi kuma yana kiransa Fada, wai ya cika wa'azi. Da Anicet ya ji labarin idon, sai kawai ya bayyana a ƙofar gini na goma sha takwas da kujerar roba a hannu.

"An ce makaho na neman ɗan jagora," ya ce.

"An ce dai ina neman mai ido. Ban ce mai hankali ba, shi ya sa aka turo ka."

Aikin Anicet tun daga ranar kalma ɗaya ce. Barnabé ya fere roba, ya ware lemo da ƙasa-ƙasa da yatsa, ya ɗaga sauran biyun, Anicet ya ce "kore" ko "shuɗi". Gine-gine ashirin suka yi a haka.

Situdiyon Madam Rosine shagon intanet ne a da, mai kwamfuta goma sha biyu a kan waya shida. Ta karɓi wurin shekara takwas da suka wuce, tana ɗaukar bukukuwa da jana'izu. A watan Nuwamba ta sayi sabon akwatin ajiya da sabuwar na'urar rarraba layi, don masu tace mata hoto su huɗu su daina yawo da faifai daga tebur zuwa tebur. Gudun bai motsa ba. Ta mayar da na'urar wajen mai sayarwa sau biyu. Lokacin da Barnabé ya ƙwanƙwasa mata ƙofa ranar Litinin, goma ga Maris, tana da bidiyon wata babbar jana'iza da aka yi a Ouidah da kyamara huɗu, kuma dangin mamacin suna son kallonsa bayan addu'ar kwana takwas, ranar Lahadi.

"Fofo, ka zo a mummunan mako," ta ce masa, tana kiransa Fofo, wato yaya a yaren Fon. "Ba ni da lokacin da za a kashe mini kwamfuta."

"Ba za a kashe ba, Tanti. Tebur ɗaya-ɗaya za mu bi. Wanda muke kansa ya je ya ci abinci."

Talata da Laraba suka tafi a kan abin da ke da sauƙi. Tsofaffin wayoyin shida ba su lalace ba, ya mai da kowace ga soket ɗaya da takwas ɗinta cif, ya canza bakin da iskar teku ta sa ya yi tsatsa. Sauran soket shida sun zama babu waya ke nan, sai an ja musu sabuwa ta cikin silin, tare da mai kauri guda biyu zuwa akwatin ajiya.

Silin a watan Maris, ƙarƙashin kwano, ba wurin zaman ɗan shekara sittin ba ne. Mutum yakan yi rarrafe a kan katako mai faɗin tafin hannu, tsakanin katako da katako kuma falanki ne siriri da ba ya ɗaukar ko yaro. Ranar Alhamis da misalin sha ɗaya na safe, Barnabé ya kai gwiwar hagu inda ya zaci akwai katako. Babu. Falankin ya fashe, ƙafarsa ta leƙo har cinya a saman teburin ɗaya daga cikin masu tacewa, ƙura da kashin ɓera suka zubo a kan madannai. Hannunsa na dama ne ya riƙe shi.

Da aka sauko da shi, ƙaurinsa ya kurje, takalmi ɗaya ya rage a sama. Madam Rosine ta kawo ruwa da auduga.

"An gama," ta ce. "Ka kwashe kayanka. Jana'izar mutane nake ɗauka, Fofo, ba na son in ɗauki taka a cikin shagona."

"Saura waya biyar."

"Ko ɗaya ce. Me zan gaya wa Maman Gisèle?"

Barnabé ya zauna a kujerar robar, yana kallon ramin da ya yi. Anicet ne ya tashi, ya cire riga, ya rage singileti.

"Riƙe mini tsanin nan, Fada."

"Kai? Da wannan cikin? Silin ɗin gaba ɗaya za ka sauko da shi."

"To ka faɗa mini inda zan taka, tunda kai ka san gidan. Ni dai ina ganin katako in na gan shi."

Haka aka yi sauran aikin. Barnabé yana ƙasa, littafin a buɗe a kusa da hancinsa, yana ɗaga murya. Anicet yana sama yana nishi.

"Ka wuce katako uku, na huɗun yana da ƙusa a tsaye, kada ka ɗora hannu."

"Na gan ta. Ta riga ta gan ni ma."

"Daga nan ka yi dama. Akwai bututun wuta, ka ba shi taƙi ɗaya. Kada ka kwantar mini da waya a jikinsa."

"Shekara goma sha tara, kana tuna ƙusa, amma ka manta ranar da na ba ka aron guduma."

Zanen bai kuskure ko sau ɗaya ba. Sai a waya ta ƙarshe, mai zuwa akwatin ajiya, aka sami matsala: an yanke ta gajere, ta gaza da kamar kamu biyu. Ƙarfe biyu na rana ne, Anicet ya yi awa uku a sama.

"Miƙo mini guntu da tef," ya kira. "Minti biyu in haɗa ta. Ba wanda zai gani."

"Na sani. Shi ya sa ba za ka haɗa ba. Janyo ta, mu ja wata."

"Barnabé, zan mutu a nan."

"Sauko ka sha ruwa, ka koma ka mutu. Ɗaurarriyar waya ba ta ɗaukar giga goma. Yau za ta yi, wata shida ta fara gardama, a kori wani."

Anicet ya zage shi da Fon, da Faransanci, ya haɗa da kakanninsa. Sannan ya janyo wayar. Madam Rosine ta aika aka sayo musu atasi, wato shinkafa da wake, da soyayyen kifi, suka ci a bakin ƙofa.

Juma'a aka matse kawuna aka yi gwaji. Barnabé ba ya iya karanta fuskar na'urar gwajin yanzu, don haka Madam Rosine ce ta riƙe ta tana faɗa masa. Soket goma sha biyu, kowane wayoyi takwas, giga biyu da rabi. Biyun akwatin ajiya, giga goma. Da bidiyon ya gama wucewa, masu tacewa suka yi tafi. Barnabé kuwa ya nemi alƙalami mai kauri, ya sa Anicet ya rubuta a cikin murfin kowane soket abin da ke bayansa da ranar da aka sa shi. Sannan ya yage shafin ginin daga littafinsa ya miƙa wa matar, kamar yadda ya yi a gine-gine talatin da bakwai kafin nata.

"Ki ajiye tare da takardun haya," ya ce. "Duk wanda ya zo bayana, ki nuna masa kafin ya zargi kowa."

Ya biya kafinta ya toshe ramin silin. Dangin Ouidah sun karɓi bidiyonsu ranar Asabar da rana.

Fofo Barnabé, ba ka son irin wannan rubutu, ka kuma faɗa. To ga shi a taƙaice. Kai ne ka ja wayar da rabin ƙananan ofisoshin Gbégamey da Jéricho suka fara shiga intanet da ita, ba wanda ya san sunanka. Kai ne kuma, da lokaci ya mai da dabararka matsala, ka je ka faɗi sunan da bakinka a inda ba wanda ya tambaya. Kuskuren yana cikin bango, an shafe shi da fenti sau uku. Da ka yi shiru, da har ka mutu ana zagin 'yan kasuwa da matasan ma'aikata. Mai gyara bayan kansa. Ba mu da wani kirari da ya wuce wannan, kuma ba mu san mutane da yawa da za a yi wa shi ba.

A gida ba a yi masa tafi. Maman Gisèle ta ga kurjin ƙaurin a ranar, duk da dogon wandon da ya sa.

"Shekara talatin da huɗu yana cikin silin ɗin mutane," ta ce. "Namu yana yoyo tun damina biyu. Na ce masa, Papa Gisèle, ka gyara talatin da takwas, Allah ma ya ga ƙoƙarinka. Sai ya ce mini Allah ya iya ƙirga har arba'in da ɗaya. Ka ji mutum."

Shi da kansa ba ya ɓoye cewa ya gaji. Yana zaune a bencin nan da yamma, ƙafa a miƙe, ya ce abin da ya fi damunsa ba zafin silin ba ne, bayani ne. A kowane gini sai ya fara daga farko, ya faɗi abin da ya yi, ya jira a gama kallonsa. Sau talatin da takwas. Ya ce har yanzu bakinsa yakan yi nauyi a ƙofa.

Mun gode, Fofo. Madam Rosine ta ce a miƙa godiyarta, haka mai kantin magani na Jéricho. Ga masu jan waya da ke tasowa kuwa, da magina, da masu haɗa famfo, da duk mai aikin da ake rufewa da siminti, abin koyin ba mai wuya ba ne a faɗa. Ku rubuta abin da kuka yi, ku bar rubutun a hannun mai gini. In kun yi dabara don a sami sauƙi, ku faɗa masa dabara ce. In ta juya bayan shekaru, ku koma da ƙafarku. Masu ofis kuma, kafin ku kori ma'aikaci saboda sabbin kaya sun ƙi gudu, ku sa a kwance soket ɗaya a ƙirga wayoyin da ke ciki.

Cikin gine-gine ukun da suka rage, ɗaya ofishin wani lauya ne da ke rufe tun Janairu, mai shi yana ƙasar waje, ba ya amsa saƙo. Na biyu wata ƙaramar maɗaba'a ce, sun ce a dawo bayan damina. Na uku asibitin haihuwa ne mai gado goma a Sainte-Rita, inda hoton ciki ke ɗaukar lokaci kafin ya isa ɗakin likita, kuma shugabar wurin ta fara tambayar wanda ya ba da shawarar sayen sabbin kayan. Sun amince ya zo ranar Talata, takwas ga Afrilu.

Asibitin ido sun sa masa Litinin, bakwai ga Afrilu, don yi wa idon dama aiki, ko a tsare abin da ya rage. Bayan aikin, sati shida ba sunkuyo, ba ɗaukar kaya, ba shiga ƙura. In ya ɗaga, layi na gaba sai Agusta, kuma likitan bai yi alkawarin idon zai jira ba. Maman Gisèle ta ba cocinsu kyautar tsaninsa a makon jiya. Anicet ya ce nasa yana nan.

Zuwa lokacin da aka kammala wannan rubutu, Barnabé Kpadonou bai kira ko ɗaya daga cikin asibitocin biyu ya ce ba zai zo ba.